Jaririna yana kwalba, dangin maigida sun ce gwajin magani ake yi da shi

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar shekara 19 ce daga wani ƙauye a ƙasar Gumel. Yayata ce take rubuta miki wannan da wayarta, ni nake faɗa mata. Yau kwana 12 da na haihu, haihuwar fari, cikin bai cika wata takwas ba. Namiji ne, nauyinsa kilo 1.7. Daga asibitin garinmu aka turo mu wani babban asibiti a Kano, aka sa shi a kwalba. Ranar suna mata suka cika mota suka zo barka. Ba a bar su sun shiga wurinsa ba, ni na fito muka gaisa. Bayan kwana biyu mura ta kama ni da zazzaɓi da ciwon jiki, sai shi ma ya fara ɗauke numfashi, aka mayar masa da oksijin. An ɗebi majinarsa aka gwada, likita ta ce mura ce mai tsanani da suke kira infuluwenza, ta rubuta wani magani, oseltamivir, jiya aka fara ba shi. Ƙanin maigida da ya yi boko ya duba a waya, ya ce an rubuta ba a ba jaririn da bai kai sati biyu ba. Tun daga nan Inna, mahaifiyar maigida, ta ce gwaji ake yi da jikanta irin na shekarar sanƙarau, a sa hannu a ɗauko shi a yi masa rubutu da na gargajiya a gida. Maigida ya sayar da buhu uku na riɗi, kuɗin sun kusa ƙarewa, ya yi shiru bai ce komai ba. Shi kuma jaririn ɗana na fari ne, kunya ta hana ni buɗe baki a gabansu. Gani nake ni na sa masa cutar, har na daina tatsar nono. Maganin nan zai cutar da shi? In bari su ɗauke shi?

Wa alaikumus salam 'yata. Barka da arziki, Allah Ya raya mana shi, Ya ba ku lafiya ke da shi. Na tsallake saƙonnin da suka riga naki zuwa, don naki ba na jira ba ne. Ta ƙarshe zan fara amsawa: kada a fitar da yaron nan daga asibiti. Jaririn da yake ɗauke numfashi, oksijin da idon ma'aikaciyar jinya ne suke riƙe da shi bayan ikon Allah. Daga Kano zuwa ƙauyenku tafiyar awa biyu ce ko fiye, a motar haya, cikin ƙura da sanyi, ba oksijin, ba ɗumin kwalba. Duk abin da ake tsoro game da maganin nan bai kai rabin haɗarin wannan hanyar ba.

Ina jin wani ɓangare na rigimar daga kalmar mura ya taso. Mu komai mura ne, daga 'yar atishawar da ake yi da hunturu har wadda take kwantar da ƙato. Shi ya sa wanda ya ji an ce mura ce sai ya ga ai ba abin a tayar da hankali ba ne, balle a nemo magani mai suna da wuyar faɗa. Infuluwenza daban take. Ƙwayar bairos ce da take iya sauka har huhu, kuma ta fi yi wa tsofaffi, masu ciki, masu jego da jarirai illa. A jikin bakwaini sau da yawa ba ta zuwa da tari da majina irin namu. Sai dai a ga ya yi laushi, ya kasa karɓar nono, jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi, ko numfashinsa ya riƙa tsayawa, kamar yadda kika gani da idonki. Kuma magungunan kashe bakteriya da aka saba yi wa jarirai allurarsu ba sa taɓa bairos. In kin ga ana haɗa masa biyun, ba ruɗewa likita ta yi ba: a jariri wuya ne a raba alamun wannan da na wancan, wani lokacin ma tare suke zuwa.

To, ƙanin mijinki bai yi ƙarya ba, kada ki riƙe shi a rai. Abin da ya karanta yana nan a rubuce, sai dai rabin labarin ya samu. Maganin nan, wanda aka fi sani da sunan Tamiflu, tun 1999 aka amince da shi a Amurka. Aikinsa shi ne ya hana ƙwayar cutar ficewa daga inda ta hayayyafa ta bazu zuwa sauran jiki, shi ya sa ake son a fara shi da wuri, cikin kwana biyun farko in da hali. Shekaru da dama ba a ba yaron da bai kai shekara ɗaya ba, saboda wani gwaji da aka yi da jariran ɓeraye 'yan kwana bakwai, aka ɗura musu adadin da ya ninka na mutum ninkin ba ninkin, wasu suka mutu. Da annobar murar da aka kira ta aladu ta ɓarke a 2009, jarirai suna ta kwanciya a asibitoci, sai aka ba da izinin gaggawa a ba ƙananan yara. Likitoci suka ba su, suka bi diddigin abin da ya biyo baya. A Disamba 2012 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sauko da iyakar zuwa sati biyu da haihuwa, wannan ne abin da yake jikin takardar kamfani, shi ƙanin mijinki ya gani. Amma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar da ƙungiyar likitocin yaransu sun wuce nan. Shawararsu ita ce a ba jaririn da ya kamu tun daga ranar haihuwa, har bakwaini, a dai rage masa adadi. Takardar kamfani iyakar abin da kamfanin ya gabatar wa hukuma take faɗa. Likitan jarirai kuwa da ƙa'idar likitocin yara yake aiki, kuma ba wannan maganin kaɗai ba, da yawan abin da ake ba jarirai a ɗakin nan haka takardarsu take.

Inda hankali ya kamata ya tsaya shi ne adadi. Ta ƙoda maganin yake fita daga jiki, ƙodar bakwaini kuwa ba ta gama nuna ba, tana jinkirin fitar da shi. Saboda haka jaririn da ya cika watanninsa ana auna masa miligiram 3 a kan kowane kilo, sau biyu a rana. Irin naki, wanda in an haɗa satuttukan ciki da kwanakinsa na duniya bai kai sati 38 ba, miligiram 1 ne a kan kowane kilo, sau biyu a rana, yawanci kwana biyar. Ki duba ki gani: kafson babba ɗaya miligiram 75 ne, ya ninka abin da ɗanki yake buƙata a lokaci ɗaya fiye da sau arba'in. In na ruwa ne, rabonsa bai kai rabin mililita ba, alhali ƙaramin cokalin shayi mililita 5 yake ci. Da sirinji ake aunawa. Ban kawo lissafin nan don wani ya zauna ya auna da kansa ba, likitar da take ganinsa, ta san nauyinsa na yau da yanayin fitsarinsa, ita take da wannan hukunci. Na kawo shi ne don ki gane cewa maganin da yake da aminci a hannun ma'aikaciyar jinya, shi ne zai zama guba in aka sayo kafso a kemis aka fasa a cokali a gida. Wannan ma wani dalili ne na barin yaron inda yake.

Ba zan ce miki ba ya da illa ko kaɗan ba. Abin da aka fi gani a jarirai shi ne amai, zawo, da jan fata a wurin kunzugu, kuma yawanci suna wucewa. Kamar kowane magani, ana iya samun wanda jikinsa bai karɓa ba, ya fito da ƙuraje ko kumburi, sai dai ba kasafai ba. Gaskiya ne kuma binciken da aka yi a kan bakwaini bai kai yawan na manya da yara masu wayo ba, daga ɗakunan jarirai 'yan ƙalilan aka tattaro shi. Abin da aka tattaro ɗin bai nuna wata mummunar illa da za ta sa a hana jariri mai infuluwenza maganin ba. A ɗaya hannun, abin da cutar take yi wa huhun bakwaini sananne ne. Sauran magungunan infuluwenza kuma ba na jarirai ba ne, akwai na shaƙa wanda sai yaro ya kai shekara bakwai. Da an ce lafiyarsa ƙalau, don rigakafi kawai ake son ba shi, da na ce a tsaya a ƙara tambaya, don ƙa'ida ba ta son a ba ɗan ƙasa da wata uku don rigakafi sai in lamari ya yi tsanani. Naki an gwada an gani, kuma yana jin jiki.

Yanzu Inna. Ki yi mata uzuri, 'yata, don tsoronta yana da asali. Ba a haife ki ba lokacin, amma ita ta san shekarar 1996, da sanƙarau ya kashe dubban mutane a Arewa. A shekarar ne kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani, Trovan, a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a cikin yara wajen 200, kusan rabinsu aka ba sabon, sauran aka ba wanda aka saba. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake yi. Duk wanda ya ce wa tsohuwar nan jahilci ne yake damunta bai san tarihin garin nan ba. Bambancin da ya kamata a nuna mata cikin ladabi shi ne, wancan sabon magani ne da ake neman a san ko yana yi, wannan kuwa ya haura shekara ashirin a kasuwa, miliyoyin mutane sun sha, har jarirai. Sannan a ƙa'ida ba a sa yaro cikin bincike sai an zaunar da iyayensa an yi musu bayani da harshen da suke ji, sun yarda, sun sa hannu, kuma suna da ikon cewa a'a ba tare da an daina duba ɗansu ba. In ba a kawo muku irin wannan takarda ba, ku tambaya kai tsaye ko yaron yana cikin wani bincike. Tambaya ce ta halal, likitar kirki ba za ta ji haushinta ba.

Ita ma likitar ina da 'yar magana a kanta. Ga alama ta yi abin da ya dace a magani, amma da ta ɗauki minti biyar ta ce wa maigidanki, za ku ga an rubuta sati biyu, ga dalilin da ya sa muke ba shi duk da haka, da duk wannan ƙurar ba ta tashi ba. Na san yadda ɗakunan nan suke, jarirai sun fi hannu yawa, mutum ɗaya yana aikin mutum uku. Duk da haka bayani haƙƙinku ne. Gobe da safe, lokacin da likitoci suke zagayen duba marasa lafiya, maigidanki da ƙaninsa su nemi ganin babban likitan ɗakin, ba a tsaitsaye a bakin ƙofa ba. Ƙanin ya je da wayarsa ya nuna abin da ya karanta. Su tambayi nawa ake ba yaron, da wane nauyi aka yi lissafin, kwana nawa za a yi, wace alama ce in an gani za a dakatar, kuma in ya yi amai bayan an ba shi me ake yi. In ku ake aikowa sayen maganin, ku saya inda asibitin ya nuna, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a miƙa wa ma'aikaciyar jinya da kwalinsa. In da hali a shigar da Inna ta leƙa jikanta ta gilashi, ta ji bayanin da kunnenta da Hausa. Sau da yawa tsohuwa ba maganin take ƙi ba, ƙin a mayar da ita bare a kan jininta take yi.

Ki kuma ba ta aikin da za ta riƙe. Addu'a ba ta buƙatar a ɗauko yaro daga kwalba. A sa malam ya yi, a yi sadaka a gida, ita ta zauna da carbinta. In an yi rubutu da ruwa mai tsabta, ke ki sha. Amma bakin yaron kada a sa masa komai, ko rubutu, ko zamzam, ko dabino, ko jiƙo. Jaririn da aka haifa kafin wajen sati 34 bai gama iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi ba, shi ya sa ake ba shi nono ta robar hanci, ɗigon ruwa kaɗan yana iya bi ta hanyar iska ya faɗa huhu. Zuma kuwa ba a ba yaro sai ya shekara, don tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da take shanye jikin jariri. Tofi a kansa ma a haƙura da shi yanzu, tunda ta numfashi da feshin yawu cutar nan take tafiya. Liman ɗin garinku zai tuna wa Inna abin da ta riga ta sani, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Daga bakin liman za ta fi karɓa a kan daga bakin suruka.

Shirun maigidanki ban ɗauke shi rashin kulawa ba. Mutum ne da aka sa a tsakiya, ga uwa, ga likita, ga aljihu, kuma riɗin da ya sayar wataƙila shi ne abin da ya tanada na shekara. Ina zargin maganar kuɗin ta fi maganar maganin nauyi a zuciyarsa, kunyar faɗa yake ji. Ki same shi ku kaɗai, ba a gaban Inna ba, ki gaya masa a fili ba ki yarda a sa hannu ba. Sa hannun nan ma'anarsa kun ɗauki yaron bisa ƙin shawarar likita, abin da ya biyo baya a wuyanku yake, kuma shi ne zai rayu da wannan, ba ƙaninsa ba. Sai ku fuskanci kuɗin tare. Manyan asibitoci suna da ofishin walwalar marasa lafiya, ya tambayi ma'aikatan jinya su nuna masa, ya faɗi halin da yake ciki ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ya nemi a ƙiyasta masa abin da ya rage, don ya san me zai nema wurin dangi. Motar da aka cika aka zo barka, kuɗinta da na turamen atamfa da sun biya kwana nawa? Masu niyyar sake zuwa a ce musu su aiko da kuɗin motar, sun yi zumunci biyu ke nan, sun taimaka kuma ba su kawo wata murar ba. In zaman Kano ya gagara duk da haka, mafita ba gida ba ce. A roƙi likita, in yaron ya yi ƙwari, ta rubuta takardar mayar da ku asibitin da yake da ɗakin jarirai a Jigawa. Akwai a Dutse, akwai kuma Jahun inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana aiki a ɓangaren haihuwa da jarirai. Likita ce za ta ce ya isa tafiya, kuma a motar asibiti da oksijin.

Batun kunyar ɗan fari, na san ta, da ita aka tashe mu. Ba na ce ki tsaya gaban surukai kina ɗana ɗana ba. Yayarki da ta rubuto, ko gwaggonki, ko mahaifiyarki, su zama bakinki a gaban Inna, manya su yi magana da manya. Amma a cikin ɗakin jarirai babu suruki. Can ke ce uwa, ke za a tambaya, ke ya kamata ki fi kowa sanin ko ya yi amai, ko cikinsa ya kumbura, ko ya jiƙa kunzugu sau nawa. Kunyar ki ajiye ta tare da takalminki a bakin ƙofa, in kin fito ki ɗauka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a saƙonki shi ne nonon da kika daina tatsa. Ki koma yau, ba gobe ba. Infuluwenza ba ta bin nono. Hasali ma jikinki da yake faɗa da ita yana haɗa garkuwa, garkuwar tana sauka cikin nonon, babu kemis ɗin da yake sayar da irin wannan. Nonon uwa kuma yana kare hanjin bakwaini daga wata muguwar cuta da madarar gwangwani ba ta karewa. Ki wanke hannu da sabulu, ki sa takunkumi, ki tatsa duk bayan awa uku har cikin dare, wajen sau takwas a kwana, a mazubin da ma'aikatan suka ba ki. Da farko zai yi kaɗan tunda kin huta, kada ki karaya, tatsar ce take kira shi. Ko za ki shiga wurinsa yanzu ko sai zazzaɓin ya sauka, ki bi abin da suka ce, don akwai jariran wasu a ɗakin.

Ke ma majinyaciya ce, kowa ya manta. Mace a sati biyun farko bayan haihuwa tana cikin waɗanda infuluwenza take kayarwa. Ki gaya wa likita ke ma kina zazzaɓi, a duba ki, don zazzaɓin mai jego yana iya zama maleriya ko ciwon mahaifa, ba a yi masa zato. In an rubuta miki irin maganin ɗanki, ana shansa ana shayarwa, abin da yake shiga nono kaɗan ne ƙwarai. In kika ji numfashinki yana sama-sama ko ƙirji yana ciwo, kada ki jira gari ya waye.

Cewa ke kika sa masa, cire wannan daga ranki. Mai infuluwenza yana fara yaɗa ta tun kwana ɗaya kafin shi kansa ya ji alama, to ta yaya za ki guji abin da ba ki san kina ɗauke da shi ba? Babu ma wanda zai iya rantsuwa ta hannunki ta shiga, mutum nawa ne suke shiga ɗakin a yini? Matan da suka zo barka su ma alheri ya kawo su.

Ranar da Allah Ya sa aka sallame ku, a nan za ki buƙaci Inna a ɓangarenki, shi ya sa ban so ki ɓata da ita yanzu. Allurar rigakafin infuluwenza ba a yi wa yaro sai ya kai wata shida, kafin nan mutanen gida ne katangarsa. Ita ce mai bakin da za ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce mai tari ya gaisa daga waje, ba a karɓa-karɓa da shi, ba a sumbatarsa, ba turaren wuta ko hayaƙin itace a inda yake kwance, wanzami kuma ya yi haƙuri da batun beli. Kafin ku fito ki sa su koya miki ɗaura shi a ƙirji, fatarsa a jikin fatarki, shi ne kwalbarsa a gida. Ki sa su nuna miki yadda ake ƙirga numfashi: in ya kai 60 a minti ɗaya, ko haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi, ko ya yi shuɗi, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne. Ki tambayi ranar da za a yi masa alluran haihuwa da aka jinkirta. Yayarki ta sake rubuto mini in an cika kwana biyar ɗin, ina son in ji nauyinsa da abin da Inna ta ce bayan ta gan shi.